Ni Na Zuba wa Yaya Ruwan Wanka

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har sunayen wasu jikokina sai na tsaya na lalubo. Amma akwai wasu kwanaki goma sha biyu da ko a turmi za a daka ni ba za su fita daga raina ba. Sun biyo bayan rasuwar yayana ne, a Kaduna, 'yan shekaru bayan an gama yaƙin basasa, lokacin da soja ke mulki. Na daɗe ban ba kowa labarin nan ba, don babu abin alfahari a cikinsa. Yanzu da furfura ta gama cinye kaina, na ga gara in faɗa da bakina.

Yaran yanzu ba za su gane yadda garin yake ba. Sojoji sun dawo daga fagen daga da yawan gaske, bariki bai ɗauke su ba, sai ga su suna haya a cikin unguwanni tare da mu. A cikinsu akwai mutanen kirki, wallahi akwai, mun ci tuwo kwano ɗaya da wasunsu. Amma in ka zo shinge a kan titi, sai ka sauka daga kekenka ka tura, ka kuma iya bakinka. Na ga dattijo mai gemu yana tsallen kwaɗo a gaban matarsa saboda fitilar kekensa ta mutu da rana tsaka. Abin da ya fi wannan muni shi ne wata doka da ta ba su damar tsare mutum iya son ransu ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. In an ɗauki naka, babu ofishin da za ka je ka tambaya.

Ni a lokacin akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati. Ina da ɗaki biyu a kwatas, ina da babur, matata na ɗauke da cikin ɗanmu na biyu. Duk unguwarmu ta Abakwa Akawu ake ce mini, ni kuwa ina jin daɗin sunan har cikin raina. Yaya shi bai yi nisa a boko ba, amma ya fi ni kai nesa ba kusa ba. Yana da tebur da wata tsohuwar tafireta a gindin mangwaro kusa da gidan waya, yana rubuta wa mutane wasiƙa. Shi ke zaune da mahaifiyarmu, Inna, a gidanmu na Abakwa. Shi ne ɗanta na fari, don haka tun da na buɗe ido ban taɓa jin ta kama sunansa ba. In za ta aika a kira shi sai ta ce, "A kira mini wancan," in kuwa ranta ya yi fari ta ce, "mai teburin nan."

A teburin nan abin ya faro. Mata suka riƙa zuwa a rubuta musu takarda zuwa ga mazajensu da aka tsare: wannan direba ne ya yi gardama a shinge, wancan ma'aikacin masaƙa ne ya yi maganar yajin aiki, wani ma ba a san abin da ya yi ba. Takardun sai su tafi kamar an jefa dutse a rijiya. Yaya ya ce to a haɗa kukan wuri ɗaya, a rubuta takardar koke guda zuwa ga gwamnan soja, a roƙi abu ɗaya tak: duk wanda ake tsare da shi a kai shi kotu, in ba shi da laifi a sake shi. Matan ba su iya sa hannu ba, sai dangwale. Wani tela maƙwabcinmu, mai shago a bakin lungu, ya ce a bar takardar a wurinsa, tunda mata na shigowa da ɗinki babu wanda zai lura. Mutum ne mai barkwanci, 'ya'yansa huɗu, in yana taka keke yana ba da labari sai ka manta abin da ya kawo ka.

Da na ji labari na tafi har gindin mangwaron na sami Yaya. Na ce, "Yaya, ka rufa mana asiri. Tsuntsun da ya ja ruwa fa shi ruwa kan doka." Bai ko ɗaga kai daga tafiretar ba ya ce, "To Akawu, ruwan nan ai ya daɗe yana dukan mutane. Kai ne dai kake ƙarƙashin kwano." Na ji haushi, na hau babur ɗina ko sallama ban yi masa ba. Maganarmu ta ƙarshe ke nan a duniya.

Takardar ta isa inda aka aika ta, amsa kuma ta zo da hantsi a cikin mota. Suka ɗauki Yaya da tafiretarsa, suka biya lungunmu suka ɗauki tela, awo na rataye a wuyansa. Mako uku babu labari. Sau ɗaya na je wurin wani babba da na sani na tambaya, ya rufe ƙofar ofishinsa ya ce mini in ina son aikina kada in sake. Ban kuwa sake ba. Nakan je wurin Inna da yamma in ce mata ana nan ana ƙoƙari, ita kuma ta ce Allah ya yi albarka, ba ta ƙara komai.

Ranar wata Talata wani maƙwabci ya zo ofis a keke ya ce in zo gida maza. Na tarar da mota mai tanti a ƙofar gidanmu, an riga an shigar da Yaya naɗe cikin bargo. Wani mutum cikin farin kaya, mai magana a hankali kamar malamin asibiti, ya miƙo mini takardar likita. An rubuta zazzaɓi ne ya kashe shi. Ya yi mini ta'aziyya da kyau, sannan ya jero sharuɗɗa: a binne kafin la'asar, mutum biyu kaɗai za su shiga wanka, kuma ban da taro. Ya ƙara da cewa, "Ai ku kun fi ni sani, gaggauta wa mamaci zuwa makwancinsa ibada ce." Sun san al'adarmu sarai, da ita suka yi aiki.

A unguwarmu akwai wani tsoho da ke wanke gawar maza, kowa Baba yake ce masa. Asuwaki da turare yake sayarwa a ƙofar masallaci. Ya fi shekara talatin yana wannan aiki don Allah, kuma ba a taɓa jin ya fito daga wurin wanka ya ce uffan a kan mamaci ba. Haka aka koya mana tun muna allo: wanda ya shiga wankan gawa, abin da idonsa ya gani amana ce, da shi za a binne shi. Baba ya zo da ganyen magarya da ƙyallen da yake naɗe hannunsa. Ya dube ni ya ce, "Kai za ka zuba mini ruwa." Aka kewaye bayan ɗakin Yaya da tabarmi, muka shiga mu biyu.

Fuskarsa lafiya lau take, kamar mai barci, sai dai rama. Da Baba ya yaye bargon ya rufa masa zane, muka juya shi, na ɗauki buta zan zuba, sai na tsaya. Bayansa tun daga wuya har ƙugu babu inda za ka ɗora tafin hannu ba ka taɓa shatar bulala ba, wata ta bushe, wata ɗanya. Wuyan hannayensa duk igiya ta ci. Tafin ƙafafunsa sun kumbura sun yi baƙi. Da Baba ya bi gefen ƙirjinsa na hagu da ƙyalle, na ga wurin ya lotsa a ƙarƙashin hannunsa. Tsohon nan ya tsaya cak, leɓensa na motsi, ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "Zuba." Na zuba. Ina zubawa hawaye na bin ruwan, har muka gama muka sa shi a likkafani.

Kafin mu ɗaga tabarma mu fito, Baba ya riƙe hannuna ya ce, "Akawu, ka dai san hukuncin wanda ya shiga wanka..." Na yi caraf na ce, "Na sani, Baba. Amana ce." Ya dube ni kamar zai ƙara wani abu, sai mai farin kayan nan ya yi gyaran murya daga waje. Muka fito. Aka yi masa salla a ƙofar gida da sahu biyu kacal, mutumin da rabin matan Abakwa da mazansu suka ci moriyar alƙalaminsa. Kafin la'asar mun dawo daga maƙabarta.

Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ɗan fari ne. Ba ta kuma tambaye ni komai ba. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na ji sanyi a raina da ba ta tambaya ba.

Ranar Alhamis aka yi sadakar uku. Bayan mutane sun watse sai ga matar tela da goyo a bayanta, tare da wani saurayin lauya, mutumin kudancin Zariya, Kirista, wanda ya ɗauki maganar matan nan a kansa ba wanda ya sa shi. Muka zauna a zaure. Ya yi mini bayani dalla-dalla da Hausarsa mai kyau. Ya ce dokar soja ta ɗaure hannun alƙali, babu kotun da za ta iya cewa a saki tela. Amma mutuwa a tsare wani abu ne daban. In waɗanda suka ga gawar suka yi rantsuwa a rubuce cewa abin da suka gani ya saɓa wa takardar likita, alƙali na iya buɗe binciken mutuwar, ya kuma nemi a kawo tela a matsayin shaida, tunda tare aka tsare su. Da zarar sunansa ya shiga littafin kotu, dole su fito da shi daga inda yake su kai shi gidan yari, kuma dole su kawo shi da ransa. Ya ce, "Malam, duk kwanan da ya ƙara a wurin nan, abin da ya sami yayanka yana iya samunsa."

Na sunkuyar da kai na ce, "Lauya, kai ba ka san addininmu ba. Abin da mutum ya gani a wurin wanka amana ce. Ba zan tona asirin ɗan'uwana yana kabari ba." Kai, har da ɗan ɗaga murya na yi, kamar an taɓa mini mutunci. Matar tela ta durƙusa har ƙasa, yaron bayanta na kuka, ta ce, "Akawu, don girman Allah. Naku ya riga ya tafi, Allah ya jiƙansa. Nawa yana can da sauran numfashi." Na ce mata ta yi haƙuri ta yi ta addu'a. Lauya ya rubuta mini inda ofishinsa yake, ya ajiye a kan tabarma, suka tashi.

Bari in faɗi gaskiya tunda ita na zauna faɗa. Ko a lokacin da nake maganar amana, abin da ke yawo a kaina shi ne kwatas, da babur, da cikin matata. Ma'aikacin gwamnati da ya sa hannu a takardar da ta ƙaryata gwamnati ya san makomarsa. Tsoro ne ya cika mini ciki, na samo masa riga mai kyau na sa masa. Da na ce ina jin tsoro, da matar nan ta san da wa take magana. Amma na jawo addini na kare kaina da shi, ta yadda ba ta da bakin musu.

Na koma aiki. Ranar Litinin da yamma na biya Abakwa, sai na tarar unguwa ta ɗauka: wai Baba mai wanka ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya tafi kotu da ƙafa, ya yi rantsuwa ya dangwala. Baba! Mutumin da shekara talatin ba a ji bakinsa ba. Na same shi a ƙofar masallaci yana jera asuwaki. Na tsuguna na gaishe shi, na ce, "Baba, ashe kai da kanka za ka ci amanar wanka?"

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Zauna, Akawu. Ran nan kai ka ƙarasa mini magana, ban gama ba. Na wanke mutum ɗari nawa a garin nan, ban sani ba. Na ga mai cutar da ya ɓoye wa iyalinsa, na ga wanda fuskarsa ta sauya, na ga abubuwan da ko matata ba ta ji ba, kuma da su za a binne ni. Wannan aibin mamaci ne, shi aka ce a rufe. To abin da muka gani a bayan yayanka, shi ya yi wa kansa?" Na ce a'a. Ya ce, "To asirin wa kake rufewa?"

Ya ci gaba da jera asuwakinsa, ya ce lauya ya gaya masa rantsuwarsa ita kaɗai ba za ta ɗaga takardar likita ba. Za a ce tsoho ne, bai yi boko ba, idonsa ma ya yi rauni. Ana bukatar ɗan'uwan mamaci na jini, mai ilimi, wanda gwamnati da kanta ta yarda da hankalinsa har ta ba shi aiki. Ya ce, "Ni na sauke nawa. Saura mai buta."

Kowa zai zaci washegari na tafi. Ban tafi ba. Na ce bari in yi shawara, bari in ga ko rantsuwar Baba za ta wadatar, bari matata ta ɗan ji ƙarfi. Kullum da safe in ɗauko takardar lauya daga aljihu in duba, in mayar. Na daina bi ta bakin lungu don kada in ga shagon tela a rufe, sai in zagaya ta bayan masallaci. Ranar Juma'a na sa kaftanina mai guga na tafi masallaci, na yi wa Yaya addu'a har da hawaye, na dawo na ci abinci na kwanta. Mako guda cur na ƙara a haka bayan maganar Baba.

Litinin ta zagayo. Na shiga gida bayan la'asar na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Matar tela na zaune a gefenta, da ta gan ni ta ja mayafi ta fita. Na gaishe da Inna, ta ce in zauna. Sai kawai na ji ta kama sunan Yaya. Sunansa na yanka, ƙarara, a bakin Inna. Wallahi ban taɓa jin yadda sunan yake a muryarta ba.

Ta ce, "Shekara arba'in ban kira shi ba. Ban yi masa wasa a gaban mutane ba, ban yabe shi ba, da aka kawo shi ban yi kuka ba. Kunya ce, haka na tarar ana yi, na kuma yi. Na zuba ido ko za ka gaya mini da kanka, tunda ka san ni ba zan tambaya ba. To yau na ajiye kunyar. Me ka gani a jikin ɗana?"

Na gaya mata. Ban rage komai ba, tun daga wuya har tafin ƙafa. Tana ji hannunta na cikin waken bai motsa ba. Da na gama ta ce, "Ya ji jiki." Sai hawaye suka zubo mata, na farko da na gani saboda shi. Ta share da bakin zane ta ce, "Gobe ka je ka faɗa wa alƙali yadda ka faɗa mini. Wanda ya iya gaya wa uwa wannan, babu sauran wanda zai ji nauyin gaya wa." Na ce, "Inna, za su kore ni daga aiki." Ta ce, "Ɗakinsa na nan babu kowa."

Ranar Talata na yi rantsuwa na sa hannu, kwana goma sha biyu bayan zuwan lauya zaurenmu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne saurin da abin ya yi. Laraba alƙali ya ba da takarda a kawo shaida. Alhamis aka fito da tela daga inda yake aka kai shi gidan yari, matarsa ta gan shi ta tagar ziyara. Kwana biyu kacal. Lauyan nan ya san aikinsa, Allah ya saka masa.

Binciken kansa bai je ko'ina ba. Yau a ɗaga, gobe a ce likitan ya yi tafiya, jibi a ce an sauya wa alƙali wurin aiki, har maganar ta bi ruwa. Babu wanda aka hukunta saboda Yaya har yau. Ni kuwa ba a yi wata ba aka miƙo mini takardar sallama, aka ba ni mako guda in bar kwatas. Muka kwashe kayanmu a kura muka koma ɗakin Yaya, a nan matata ta haihu. Na sami aikin rubutu a shagon wani ɗan kasuwa, muka ci gaba da rayuwa, ba mu kwana da yunwa ba. Abin da na yi kwana goma sha biyu ina gudu ya zo ya wuce, ban mutu ba.

Sai ga shi unguwa ta mayar da ni gwarzo. In na wuce a ce ga wanda ya bar aikin gwamnati saboda gaskiya. Dattawa na tashi su ba ni hannu. Na karɓi yabon nan, har na fara yarda da shi.

Bayan wata bakwai aka saki tela, ba shari'a ba bayani, aka buɗe ƙofa kawai aka ce ya tafi. Washegari ya zo gidanmu tare da matarsa don ya yi wa Inna ta'aziyya ya kuma yi mini godiya. Ya rame, amma bakin nan nasa na nan. Da na miƙa masa hannu sai ya ba ni na hagu yana cewa in yi haƙuri. Na dubi na daman. Yatsu huɗu sun ƙandare sun lanƙwashe cikin tafin, sun haɗe a karkace. Hannun da yake riƙe almakashi ke nan.

Ya ce, "Akawu, ba don kai ba da gawata za a kawo. Allah ya biya ka." Na ce Allah ne ya yi. Sai bakina ya kufce na tambaye shi yaushe aka yi masa wannan. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Ai wannan na ban kwana ne. So suke in faɗi wanda ya sa mu, ni kuwa babu wanda ya sa mu, wa zan ce? Ranar Juma'ar ƙarshe kafin a kai ni gidan yari aka ɗora hannun a kan benci. Na san Juma'a ce don ina jin wasunsu suna alwala a waje za su tafi masallaci. Da takardarku ta riga Juma'ar nan zuwa, da yanzu ina ɗinka maka kaftani." Ya faɗa ne cikin raha, bai san komai ba.

Ni kuwa na riga na ƙirga. Juma'ar nan ita ce kwana na takwas da zuwan lauya, kwana huɗu bayan rantsuwar Baba. Da na bi tsohon nan kotu ranar Litinin, da tun Laraba tela yana gidan yari da yatsunsa goma. Ita ce Juma'ar da na sa kaftani mai guga na je na yi wa Yaya kuka a masallaci.

Na ɗaga kai, idona ya faɗa cikin na matarsa. Tana tsaye a bakin ƙofa, ita ma ta san lissafin, ta fi ni saninsa, don ita ta kwana tana ƙirga kwanakin. Ta dube ni, ta dubi mijinta, ta gyara goyonta ta ce, "Malam, mu tafi, rana ta yi." Ba ta taɓa gaya masa ba. Ni ma ban taɓa samun ƙarfin gaya masa ba. Bai sake ɗinki ba, ya sayar da keken ya koma tsaron shagon wani. Ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, kuma duk Sallah sai ya zo gaishe ni, ya ba ni hannun hagu, ya ce wa 'ya'yansa ga wanda ya ceci ubanku. Har ya koma ga Allah haka yake kallona.

Abin da na koya shi ne, in tsoro ya kama mutum, gara ya kira shi da sunansa. Tsoro ba abin kunya ba ne, kowa na da ciki da iyali. Amma in ka lulluɓe shi da addini ko al'ada, ka toshe bakin mai ba ka shawara, kai ma ka daina jin kanka. Na kuma koyi cewa in rai na hannun azzalumi, gaskiyar da za ka faɗa gobe ba daidai take da wadda za ka faɗa yau ba, domin kwanakin da kake shawara a inuwa, wani ne yake biyansu da jikinsa. Ni na faɗi tawa, mutane sun yaba mini, amma na makara da kwana takwas, kuma tela ne ya biya da hannunsa na dama.